Bindigar Fenti: A Sayi Garkuwar Ido Kafin A Taya Bindiga

 

Akwai wani wasa da bidiyonsa ke yawo a wayoyin samari: a raba mutane gida biyu, kowa ya rufe fuska, a shiga fili ana harbin juna da ƙananan ƙwallaye masu fenti a ciki. Wanda ƙwallo ya fashe a jikinsa ya fita. Akwai filayen wannan wasa a Abuja da Legas, kuma abin da ya shiga waya bai cika daɗewa bai shigo unguwa ba. Bai kuma cika daɗewa bai shigo littafi ba. Gobe ko jibi za mu karanta jarumi ya ɗauki masoyiyarsa ya kai ta wasan bindigar fenti, kamar yadda ake kai ta shan iska ko cin abinci.

Ra'ayinmu a taƙaice shi ne: duk wanda zai mallaki wannan bindiga, abin da ya kamata ya fara saya ba ita ba ce, garkuwar fuska ce. Bayan nan ya zaɓi wadda zai iya kula da ita a Kano, da zafin Kano da ƙurar Kano. In ba zai iya ba, ya haƙura. Mu kuma da ke riƙe da alƙalami, in za mu saka ta a labari, mu saka ta da ƙa'idojinta, domin akwai idanun ƙannenmu a cikin maganar.

Asalinta ma ba kayan wasa ba ce. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku ana dab da layya ya ga yadda fatake ke shafa wa dabbar da suka saya fenti, don kada ta sake cakuɗa da ta wani. To aikin da aka ƙera wannan bindiga ta yi ke nan. Wani kamfanin fenti na Amurka mai suna Nelson ne ya fito da ƙwallon a shekarun 1960, don ma'aikatan gandun daji su sa wa itacen da za a sare alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa saniya shaida ba tare da sun kama ta ba. Shi ya sa har yau masu wasan ba su cika kiran ta bindiga ba, suna kiran ta da sunan da ke nufin abin sa alama.

Ta zama wasa ne a watan Yuni na 1981, a jihar New Hampshire, kuma da hannun marubuci a ciki. Charles Gaines, mawallafin littattafai, ya daɗe yana gardama da abokinsa Hayes Noel, ɗan kasuwar hannun jari, a kan ko ɗan birni zai iya tsira a daji kamar mutumin da ya tashi a cikinsa. Su da wani abokinsu Bob Gurnsey suka tara mutum 12 aka shiga daji da bindigogin sa wa shanu alama. Wanda ya ci wasan, Ritchie White, ma'aikacin gandun daji ne, kuma bai harba ko ƙwallo ɗaya ba. Tun ranar farko ke nan aka nuna cewa ba ƙarfin bindiga ne ke cin wasan ba, natsuwar mai ita ce.

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Ƙauyen Alu da wasan Turawa? Ruwanmu kuwa babba ne, domin muna da namu, sai dai namu ba shi da doka. Duk Sallah, daga an karɓi barka da Sallah, lungunan Gyadi-Gyadi da Tarauni da Unguwa Uku sai su cika da yara riƙe da bindigar roba mai ƙananan harsasai. A raba gida biyu, a laɓe bayan katanga, a yi ta harbi. Babu mai rufe ido. Babu alƙalin wasa. Babu iyaka tsakanin filin daga da ƙofar gidan mutane, don haka yarinyar da aka aika kai tuwon Sallah ita ma tana cikin yaƙin ba da saninta ba. Harsashin nan faɗinsa milimita 6 ne kawai, a jiki ɗan raɗaɗi ne, amma a ido yana iya tara jini a ciki, ya jawo yana, ya bar yaro da ido ɗaya har tsufansa. In abin ya faru sai a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Tsautsayin da babba ya sayo da kuɗinsa ya miƙa wa yaro ba tare da ko tabarau ba, akwai sakaci a cikinsa.

Yanzu mu kwatanta. Ƙwallon fenti girmansa ya kai ɗan magarya, faɗinsa wajen milimita 17, nauyinsa wajen giram 3. Harsashin bindigar Sallah bai kai kwatar giram ba. Iyakar gudun da filayen wasa ke yarda ƙwallon ya yi shi ne ƙafa 300 a daƙiƙa ɗaya, wato sama da kilomita 300 a awa. Kuma girmansa bai kai ƙashin da ya kewaye ido ya tare shi ba, kai tsaye yake shiga ya daki ƙwayar idon. In har ƙaramar tana yi mana ɓarna haka, ina ga babbar ta shigo lungu da irin wannan tarbiyyar? Abin da likitocin ido suka daɗe suna faɗa game da wasan fenti shi ne, yawancin waɗanda suka ji ciwo a ido ba su sa garkuwa ba ne, ko sun cire ta ana tsakiyar wasa, kuma abin ya fi faruwa a wasan bayan gida da ba shi da mai tsawatarwa.

Shi ya sa muka ce garkuwa ce farko. Ba tabaran rana ba, ba na masu walda ba, ba hular kwanon babur ba. Garkuwar da aka yi domin wannan wasa, wadda ta rufe ido da hanci da baki da kunne, gilashinta na roba mai tauri da ba ta tarwatsewa. In akwai hali a sayi mai gilashi ruɓi biyu, domin gumi na sa mai ruɓi ɗaya ya yi hazo, kuma hazon ne ke sa mutum ya ɗaga garkuwa ya share, a daidai lokacin da ƙwallo ke tahowa. Wanda kuɗinsa ba zai isa biyun ba, ya sayi garkuwa mai kyau ya yi hayar bindiga a filin wasa. Araha ba ta ado, a nan kuwa araha makanta take sayowa.

Sai zaɓen bindigar. Iri uku ne. Akwai wadda sai ka ɗana da hannu kafin kowane harbi. Akwai wadda ƙarfe da sifirin da iska ke ɗana ta, kai dai ka ja kunama. Akwai kuma mai batir da 'yar kwamfuta a ciki, wadda ke iya aman ƙwallo sama da goma a daƙiƙa. Ta ukun ita ce ke ɗaukar ido a bidiyo, ita ce kuma muke ganin ba ta dace da mai farawa a nan ba. Bakano ya san wannan hikima a harkar mota: kafin ya taya, sai ya tambaya ko akwai kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa. Mai batir tana da wayoyi da ƙananan idanu masu gane ƙwallo, ƙura da gumi na hana su aiki, in kuma allonta ya ƙone sai an yi odar wani daga waje da dala. Ta tsakiyar kuwa da 'yan sifanoni da zoben roba ake gyara ta. Misalinta da aka fi sani ita ce Tippmann 98, wadda ta fito a 1998, filayen haya a ƙasashe da yawa suka riƙe ta saboda jure wahala. Tana da nauyi, ba ta da kwalliya, amma jakin dawa ce.

Mu kuma guji wadda aka ƙera ta yi kama da bindigar soja. A wata ƙasar wannan ado ne. A ƙasar da sunan ɗan bindiga ya zama abin firgita, wannan neman ajali ne. Jami'in tsaro da ya hango ka da dare a titin Zariya da abu baƙi mai dogon baki ba zai tsaya tambayar ko fenti ne a ciki ba. A sayi mai launi, a ɗauke ta a cikin jaka a kwance, tukunya daban, bututu daban. Sannan a san cewa dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigogin iska cikin waɗanda sai da lasisi ake mallaka. Don haka mai hankali zai je wajen 'yan sanda ya ji matsayin tasa kafin ya biya kuɗi, ba bayan an tare kayan a tashar jirgi ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne iska. Ita wannan bindiga ba ta da albarushi, iskar da aka matse a cikin 'yar tukunya ce ke tura ƙwallon. Iri biyu ce. Akwai iskar kabon, irin wadda ke cikin lemon kwalba da wasu tukwanen kashe gobara. Tana da araha, amma a matsayin ruwa take zaune a tukunya, kuma ƙarfinta na hawa da sauka da yanayi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke taɓa digiri 40, bindigar da ka saita da safe tana iya wuce iyakar gudu da azahar ba ka taɓa komai ba. Tukunyar da aka bari a cikin mota a rana kuwa tana iya fasa murfin tsaronta. Akwai kuma iska zalla da aka matse, wadda zafi bai cika canza ta ba, ita ce ta fi dacewa da mu. Amma a lura: a ma'aunin da mai faci ke duba taya da shi, tayar mota tsakanin 30 da 35 take sha, wannan tukunya kuwa 3,000 take sha, wata ma 4,500. Injin mai faci ba zai cika ta ba ko ya kwana yana yi. Ke nan kafin ka sayi bindiga ka fara sanin wanda zai cika maka tukunya. Kada kuma wani ya ce a kai wa masu walda su ɗura mata iskar oksijin tasu. Oksijin da maiƙo a irin wannan matsi gobara ce da fashewa.

Kowace tukunya akwai kwanan wata a jikinta. Akasari duk shekara 5 ake sake gwada ƙarfinta, wadda aka yi da zaren kabon kuma yawanci shekara 15 ne wa'adinta gaba ɗaya. Mai sayen ta hannu ya fara karanta wannan kafin ya dubi fentin jiki. Tukunyar da ta lotsa, ko ta yi tsatsa, ko kwananta ya wuce, ba a cinikinta ko kyauta ce.

Shi kansa ƙwallon yana da lalura. Ɓawonsa na jelatin ne, irin na kwanson magani, cikinsa kuma ruwa ne mai launi da ke fita da wanki. Zafi na sa shi ya yi laushi ya manne da ɗan'uwansa. Raɓar watan Agusta na sa shi ya kumbura ya maƙale a bututu. Bushewar hunturu na sa shi ya yi gautsi ya fashe tun bai fita ba. A ajiye shi a rufe cikin leda, a wuri mai sanyi da inuwa, a riƙa juya ledar lokaci zuwa lokaci, a kuma sayi daidai wanda za a ƙarar. Wanda ya faɗi ƙasa an bar wa ƙasa, domin yashin da ya ɗauko zai karce cikin bindiga. Saka dutse ko ƙwallon gilashi a madadinsa kuwa ya fita daga wasa ya koma ta'addanci.

Kula da ita bayan wasa ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. 'Yan bindigar fada da muke jin amonsu ranar Hawan Daushe, da maharban ƙauye masu adaka, sun san cewa bindigar da aka harba ba a jingine ta haka nan, domin tokar albarushi na jawo raɓa ta ci ƙarfe. Tarbiyyar ɗaya ce. A fara cire tukunya. A juya baki wajen da ba kowa a ja kunama, domin sau da yawa iska na saura a ciki wadda ta isa harbi ɗaya. A kwance bututu a zura masa tsumma a goge fentin da ya fashe, in ba haka ba ƙwallon gaba zai karkace. A goge sandar da ke tura ƙwallo. A ɗiga wa zoben roba mai ɗigo ɗaya ko biyu, kuma man da aka yi dominta. Baƙin mai da man keken ɗinki na cinye roba, sannan ba a kusantar da kowane irin mai ga bakin da ake ɗura wa tukunya iska. In an ji tana huci, a shafa kumfar sabulu a ga inda ke tsiyaya, yadda mai faci ke neman huda. Yawancin lokaci zoben roba ne na 'yan kuɗi kaɗan, shi ya sa mai dabara ke sayen su da yawa tun ranar farko. Gilashin garkuwa kuma a fara ɗauraye shi da ruwa kafin a goge, domin ƙurar hunturu a kan busasshen tsumma kamar sanfefa take. Wanda ya tsage an gama da shi. A ƙarshe a kulle komai inda hannun yaro ba ya kaiwa, bindiga daban, tukunya daban.

A fili kuma dokoki uku ne ba a sassauta su: a auna gudun kowace bindiga da na'ura kafin a fara, ba a cire garkuwa sai an fita daga iyakar wasa, a wajen iyaka kuma bakin bindiga na cikin safarsa.

Mun san akwai masu cewa gaba ɗaya a bar maganar. Hujjarsu ba ƙarama ba ce: garin da ke fama da faɗan daba da ƙwacen waya, yankin da ƙauyuka ke kwana da fargabar 'yan bindiga, me zai sa a koya wa matashi jin daɗin auna ɗan'uwansa? Ba ma raina wannan magana, kuma uban da ya hana ɗansa a kan wannan dalili bai yi laifi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Amma mu duba da kyau: yaran nan suna wannan wasa a lungu kowace Sallah, ba su jira izinin kowa ba. Kuma Bahaushe bai taɓa hana samari gwada ƙarfi ba, ya dai yi musu da'ira. Dambe akwai naushi, kokawa akwai kayarwa, amma akwai fage, akwai mai rabawa, akwai lokacin da ake cewa ya isa. Abin da ya raba dambe da daba ba ƙarfin hannu ba ne, ƙa'ida ce. Wasan fenti a fili mai shinge da alƙali ɗan'uwan dambe ne. Shi ɗin dai a kan titi ɗan'uwan daba ne. Matsayinmu ke nan: ko a yi shi da fage da doka, ga waɗanda suka mallaki hankalinsu, ko kada a yi.

To ina namu aikin a matsayin marubuta? Na farko, suna. In ba mu raɗa wa abu suna da Hausa ba, zai shigo da na iyayensa ya zauna, dokokinsa kuma su tsaya a Turancin da mai saye ba zai karanta ba. A wannan rubutu mun gwada garkuwar fuska, tukunyar iska, zoben roba, safar baki. Wanda yake da waɗanda suka fi su ya kawo, harshen na kowa ne.

Na biyu, gaskiyar hoto. Akwai jarabar a sa jarumi ya tuɓe garkuwa a tsakiyar wasa don iska ta kaɗa masa gashi budurwa ta ga kyansa. Mai karatu ɗan shekara goma sha biyar ba zai ɗauki wannan a matsayin ado ba, darasi zai ɗauka. In jarumi ya cire garkuwa, to labarin ya biya farashin cirewar. In kuma so ake a nuna shi gwani ne, a nuna shi yana duba kwanan tukunya, yana ɗaure wa ƙanensa garkuwa kafin ya ɗaure tasa.

Na uku, yadda mutum ke riƙon kayan aikinsa na daga cikin hanyoyin da suka fi sauƙin bayyana halinsa. Ba sai mun rubuta cewa wane natsattse ne ba. A nuna shi bayan an tashi, abokai sun tafi cin tsire, shi yana zaune yana goge bututu. A nuna ɗayan ya wurga tasa bayan mota da tukunyar a jiki, rana na dukanta. Mai karatu zai gane wanda za a ba amana a babi na gaba. Wannan ya shafi kowane kayan aiki da za mu saka a labari, keken ɗinki ne ko adaidaita sahu ko garmar shanu: mu je mu tambayi mai shi yadda ake zaɓa da yadda ake kula, kafin mu ɗora alƙalami.

Akwai kuma wanda ba ya jiran sai an buga littafi. Sallah na tafe, kuma da yawanmu mu ne yayye da kawunnai da gwaggonnin da ake miƙa wa hannu. In yaro ya nace sai bindiga, akwai ta ruwa, akwai mai ƙara da wuta wadda ba ta harba komai. In kuma ƙaddara ta faɗa wa wani yaro a ido, kada a murza, kada a ɗiga nono ko ruwan sikari, kada a sa kwalli. A kifa masa gindin kofin roba mai tsabta ba tare da an danna idon ba, a nufi asibiti nan take ko da yaron ya ce ya daina jin zafi. Mu mutanen wannan yanki Allah Ya sauƙaƙa mana, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kan titin Zariya, akwai kuma asibitocin ido a cikin gari.

Bindiga in ta lalace ana sake wata. Ido kuwa ba a sayar da shi a Sabon Gari.

Allah Ya tsare mana ganinmu da na 'ya'yanmu, Ya sa alƙalumanmu su zama masu amfani. Sai mun ji naku ra'ayin.